Ta Ina Amarya Za Ta Shiga?

Wani ɗan'uwanmu makaho da 'yar'uwarmu mai keken guragu suna aiki a ofis ɗaya. Daga cin abincin rana tare, magana ta kai ga aure. Da labari ya iso zumuntar matasa, maimakon guɗa sai muka shiga raɗe-raɗi: wa zai dafa wa wa? Abin kunya! Mutanen da ke cin guminsu ne muke yi wa wannan tambaya? Mefiboshet gurgu ne, amma 2 Sama'ila 9:12 ya nuna yana da ɗa, Mika. Kowace Lahadi muna yi musu addu'ar warkarwa, alhali kekenta ba ya hawa matakalar majami'armu. Ranar ɗaurin aure, ta ina amarya za ta shiga?