Severance: jan rai daban, cin bashi daban

Jama'a, ƙorafin da ake yawan kawowa kan Severance shi ne wai ba ya tafiya. Mu ba mu yarda ba. Masu cewa duk wanda ya gaji da shi bai waye ba, su ma ba ma tare da su.

Ga wanda bai sani ba, shirin Apple TV+ ne da Dan Erickson ya ƙirƙira, ya fara fita a 2022. Kamfanin Lumon na dasa wa ma'aikata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa, ta raba mutum biyu: na ofis bai san gida ba, na gida bai san aikin da yake yi ba. Na ofis ba shi da dare, ba shi da hutu. Yana shiga lif da yamma, sai ya ga ƙofa ta buɗe, wai gari ya waye. To, ta yaya za a nuna irin wannan ɗauri da gaggawa? Fararen lungunan nan da Mark ke ta bi ba ɓata lokaci ba ne. Sai ka ƙosa tare da Helly kafin ka gane me ya kai ta neman halaka kanta. Kuma kashi na 9 ya biya mu haƙurinmu har da riba.

Wanda bai kalli zango na biyu ba, ya dakata nan.

Shekara kusan uku muka jira, sai Janairun 2025. A ƙarshen kashi na 3 Mark ya amince Reghabi ta haɗe masa tunaninsa biyu. Muka gyara zama. Har kashi na 10, na ofis da na gida sai ta kyamara suke magana da juna. Ina amfanin aikin da aka yi masa a ka? Kashi na 7, labarin Gemma, a hankali ya tafi kuma ya taɓa zuciya, ba mu da ta cewa. Amma na 8 fa? An kwashe mu zuwa garin su Cobel, sanyi da tsofaffin gidaje, don kawai a ce mana ita ta ƙirƙiri na'urar. Maganar minti biyar aka ba kashi guda, alhali Irving da Dylan na can an ajiye su.

Awakin ma, tun 2022 ake nuna mana su. Da amsa ta zo, ashe na yanka ne.