Zazzaɓin da Ya Ƙi Sauka da Binciken Ɓargo

Sharhinmu na yau ya shafi wani al'amari na likitanci wanda, ko da yake ba kullum ake gamuwa da shi ba, duk gidan da ya faɗa wa yakan bar su cikin ruɗu wata da watanni, wato baligin mutum da zazzaɓi ya kama ya ƙi saki, an yi maganin cizon sauro har an gaji, an koma na taifot, amma da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi kamar ba a taɓa shan komai ba.

Likitoci sun daɗe da yi wa irin wannan zazzaɓi haddi. A shekarar 1961 wasu likitoci biyu na Amurka, Robert Petersdorf da Paul Beeson, bayan sun bi diddigin marasa lafiya ɗari, suka gindaya masa sharuɗɗa uku, su ne zafin jiki ya riƙa haura digiri 38.3, ya zarce mako uku, kuma a shafe mako guda ana bincike a asibiti ba a gano sababinsa ba. A 1991 aka sassauta sharaɗi na uku zuwa kwana uku a kwance, ko zuwa gaban likita sau uku. Fa'idar wannan haddi ita ce ya nuna wa likita da majinyaci cewa lokacin aiki da zato ya ƙare, na neman yaƙini ya zo. A nan ne kuwa muke da babban rauni, domin gwajin nan na Widal da ake dogara da shi a ce wa mutum yana da taifot yakan nuna alama har ga wanda ya taɓa yin ciwon tuntuni ko yake fama da wani zazzaɓi dabam, saboda haka sai a yi ta maimaita allura a kan hujja mai rauni, kuɗi na tafiya, majinyaci na ƙara ramewa, dangi kuma su fara raɗe-raɗin sammu.

Gaskiya ne a ƙasashenmu mafi yawan irin wannan zazzaɓi daga ƙwayoyin cuta yake, kamar tarin fuka da ya ɓuya a wani sashen jiki ba huhu ba, ko ƙanjamau, ko ƙurji a hanta, ko ciwon da ake ɗauka daga ɗanyen nono, ko kuwa kala-azar da 'yan'uwanmu mazauna Gadarif ta Sudan suka sani sarai. Wajibi ne a fara da waɗannan. Amma idan an kore su ɗaya bayan ɗaya, to, sai hankali ya koma ga sankara, kuma a cikin sankarori babu wadda ta kai limfoma fitowa da rigar zazzaɓi.

Limfoma sankara ce da ke tasowa daga wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda mazauninsu kaluluwa da saifa da ɓargo. Tun 1832 Thomas Hodgkin ya siffanta wani nau'inta a birnin Landan. Galibi takan bayyana kanta da kaluluwa marar zafi a wuya ko hammata ko matsematsi, sai likita ya yanko guda a duba, magana ta ƙare. Akwai kuma alamomi uku da ake tambaya a kai: zazzaɓi, da gumin dare mai jiƙa riga da shimfiɗa har sai an sauya, da ramar da ta haura kashi ɗaya cikin goma na nauyin mutum a wata shida. Sai dai akwai wani nau'i, wanda ƙalilan ne ƙwarai, da ke kafa sansani a cikin ɓargo kaɗai, ta yadda likita zai laluba wuya da hammata bai ji komai ba, a ɗauki hoton ƙirji ya fito fes, alhali cutar tana can cikin ƙashi tana danne wurin da ake ƙera jini.

To, da me za a gane? Da jinin kansa, tunda ɓargo ne mahaifarsa. Gwajin ƙidayar jini, wanda ba shi da tsada kuma ana yin sa a manyan asibitocin jiha, shi ne shaida na farko. Idan aka ga jajayen ƙwayoyi sun yi ƙasa, farare sun yi ƙasa, masu daskarar da jini su ma sun yi ƙasa, ko biyu daga cikin ukun, ga majinyaci ya yi fari fat, an ƙara masa jini leda biyu bayan mako biyu ya koma gidan jiya, dasashi yana zubar jini in ya yi asuwaki, saifa ta ɗan kumbura, sa'an nan ma'aunin da ake kira LDH ya yi sama, to, waɗannan ƙarinoni sun isa su wajabta duba ɓargo. Wani lokaci ma cutar takan harzuƙa garkuwar jiki har ta shiga cinye ƙwayoyin jinin mai ita, sinadarin feritin ya haura dubbai, kuma wannan hali na gaggawa ne da jinkirin 'yan kwanaki ke iya kaiwa ga rasa rai.

Da yawa daga jama'a da sun ji an ce za a ɗebi ɓargo sai su ce a sallame su, don an gaya musu wai allurar baya tana gurgunta mutum. Ga yadda abin yake. Majinyaci zai kwanta a gefensa ya naɗe gwiwoyi, likita ya laluba tudun ƙashin ƙugu ta baya, wurin da ke nesa da laka, ya goge shi, ya yi allurar kashe zafi har zuwa fatar ƙashi. Sa'an nan ya murza wata allura mai kauri a hankali har ta shiga, ya zuƙo ɗan ruwan ɓargo, a nan ne ake jin wani fizga na daƙiƙa kaɗan, a shafa shi a kan gilashi nan take kafin ya daskare. Bayan haka ya gutsuro wani siririn sili na ƙashin da ɓargonsa, tsawonsa kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a jefa shi a kwalbar magani. Duka bai fi rabin sa'a ba, a danne wurin, a rufe da filasta. Ina jaddada batun silin nan, domin ruwan kaɗai sau da yawa ba ya wadatarwa: limfoma takan zauna tsibi-tsibi ta manne, wani lokaci ma a zuƙa ba abin da zai fito, sai a cikin silin ne masanin da ke duba shi a madubin likita zai ga yadda baƙin ƙwayoyi suka mamaye wurin, ya rina su da rini na musamman don tantance jinsinsu. Idan sakamako ya fito babu komai alhali shubuha tana nan, babu aibi a sake daga ɗaya gefen. Akwai ma wani nau'i da ke laɓewa a cikin ƙananan jijiyoyin jini, wanda akan gano ta hanyar yanko 'yar fata mai kama da lafiyayya. Na'urar hoto ta PET tana taimakawa wajen nuna inda za a soka, amma samunta a yankinmu da wuya, kuɗinta kuma da nauyi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ƙwayoyin nan furedinisolon da dekisametazon, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, wasu don ciwon gaɓɓai, wasu don neman ƙiba, suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Mai zazzaɓi ya sha, jiki ya yi sanyi, cin abinci ya dawo, gida a yi hamdala. Bayan 'yan makonni ciwo ya komo da ƙarfi, kuma idan aka ɗebi ɓargo a tsakanin nan, mai yiwuwa ne a duba ba a ga hujja ba. Misalinsa kamar a kori shaidu daga gari kafin ranar zaman alƙali ne. Haka nan al'adar ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na wata shida don a ga ko zai ji sauƙi: ijtihadi ne da ke da uzuri inda babu kayan bincike, amma idan an yi 'yan makonni zazzaɓi bai sauka ba, jini kuma yana ta raguwa, ci gaba da shi taurin kai ne.

Dalilin duk wannan naci shi ne limfoma tana cikin sankarorin da ke jin magani. Nau'in da aka fi samu a ɓargo na manyan ƙwayoyin B ne, masu ɗauke da tambarin CD20, kuma tun 1997 aka amince a Amurka da maganin rituximab da ke farautar wannan tambari. Ana haɗa shi da wasu magunguna huɗu, a ba da su duk kwana 21, galibi sau shida. Ba kowa ke tashi ba, musamman da yake nau'in ɓargo yana da zafin hali, kuɗin maganin ma yakan gagari talaka, amma akwai masu warkewa da iznin Allah. Kafin a fara lalle ne a gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B, domin maganin yana iya tayar da ciwon hantar da ya kwanta.

Sassan likitocin jini da ke wannan aiki suna manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri. Wanda aka tura can ya tafi da dukan takardun gwajin da aka taɓa yi masa, da kwalayen duk maganin da ya sha, har na kemis da na gargajiya, da kuma 'yar takarda da aka rubuta zafin jikinsa safe da yamma in akwai ma'auni a gida. Ya kuma shirya wa jira, domin sai an tausasa ƙashin kafin a iya yanka shi a duba, shi ya sa sakamakon silin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye, idan sai an aika da shi wani gari don rinin.