Wasiƙa ga masu gudun kilomita 21: a horar da ciki kamar yadda ake horar da ƙafa

'Yan'uwa masu gudun dogon zango da masu horar da su,

Na rubuto ne kan abin da muke jin nauyin faɗa a cikin jama'a, alhali yana fitar da masu gudu da yawa daga gasa, wato lalacewar ciki. Yaro ya shafe watanni yana atisaye, ƙafa ta yi ƙwari, numfashi ya zauna, amma ranar gasar rabin gudun fanfalaki sai ciki ya murɗa ana tsakiyar hanya, zuciya ta tashi, ya koma neman inda zai zagaya.

Wannan ba ragwanci ba ne. Idan gudu ya yi tsanani, jiki kan janye jini daga hanji ya tura wa tsoka da fata. Narkewar abinci ta ragu, ga jijjigar da kowane taku ke yi wa hanji, ga zafin rana. Ko manya ba su tsira ba. Paula Radcliffe ta Ingila ta tsaya a gefen titi saboda ciki a gasar gudun fanfalaki ta Landan ta 2005, sannan ta ci gaba har ta zo ta ɗaya. Amma a gudun fanfalaki na gasar Olamfik ta 2004 a birnin Athens janyewa ta yi wajen kilomita na 36, kuma ta danganta abin da magungunan rage kumburi da ta sha saboda ciwon ƙafa, waɗanda suka ɓata mata ciki.

A nan nake roƙonku da babbar murya. Al'adar haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin a tashi gudu, wai don kada ƙafa ta yi ciwo, a bar ta. Waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon ciki, suna kuma takura wa ƙoda a daidai lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Ƙafar da ba za ta yi gudu ba sai da ƙwaya, hutu take nema.

Batun abinci mai sauƙi ne. Daga jajibirin gasa a nisanci wake, ƙosai, alale, yaji da abinci mai maiƙo, haka fura da nono ga wanda madara ke kumbura wa ciki. A karya da abu mara nauyi, kamar farar shinkafa, burodi da zuma ko ayaba, awa uku kafin tashi. Abin da ba a taɓa gwadawa a atisaye ba, kada a fara shi ranar gasa, ko da kyauta ake raba shi a hanya.

Ruwa ne ya fi ruɗa mutane. Da sanyin hunturu gumi kan bushe nan take, mai gudu ya ɗauka bai zubar da komai ba, alhali jiki na ta tsiyaya. Ku hau sikeli kafin dogon atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato ledar ruwa biyu. Idan raguwar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ƙarfi zai fara ja da baya. Fitsari mai duhu da safe alama ce ta cewa tun a gida aka fito da gibi.

Amma kada tsoron ƙishirwa ya sa a yi ta ɗura ruwa. Wanda ya sha fiye da abin da ya zubar yana tsinka gishirin jininsa, kuma wannan yana kisa. A gasar gudun fanfalaki ta Boston ta 2002 an auna jinin masu gudu 488, aka samu kashi 13 cikin 100 da wannan matsala, kuma wata mai gudu ta rasu sanadinta a shekarar. Masu tafiya a hankali, waɗanda ke sha a kowace tasha, su suka fi shiga haɗarin. A sha idan an ji ƙishirwa, kurɓi-kurɓi.

Idan ciki ya murɗa ana cikin gudu, a rage sauri ko a koma tafiya na ɗan lokaci, a dakata da duk abu mai zaƙi sosai. Wanda ya yi gudawa ko amai, bayan gasa ya nemi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe. Jiri, tangaɗi, ruɗewar magana, amai mai maimaituwa ko jini a bayan gida kuwa, gudu ya ƙare ke nan, sai wurin ma'aikatan lafiya.

Ku masu horarwa, yaranku na jin kunyar kawo muku wannan ƙara. Ku riƙa tambayarsu da kanku abin da suka ci, abin da suka sha, da yadda ciki ya kasance bayan kowane dogon atisaye. Kuma don Allah, idan kuka ga yaro yana tangaɗi a kan titi, ku cire shi, kada ku yi masa kirari.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a fagen gudu.