Kundin Mawaƙi: Ajiye Tarihin Waƙa Tun Tana Ɗanya

Kundin ƙirƙirar waƙa littafi ne da mawaƙi ke rubuta yadda waƙarsa ta samu, tun daga ranar da ta faɗo masa a rai har ranar da ya shiga sitidiyo. Ya bambanta da littafin da ake kwafe baitocin da aka kammala. Abin da ke shiga cikinsa shi ne kwanan wata, da abin da ya jawo waƙar, da ɗangon da aka soke, da dalilin sokewa, da sunan wanda ya kawo gyara.

Makaɗan baka na dauri suna da nasu ma'aji. Irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo na tare da 'yan amshi: maigida ya kawo gindin waƙa, yara su yi ta bita har ta zauna, wanda ya manta wani ya tuna masa. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi suna wajen ƙaga waƙa nan take a filin wasa, shi ya sa waƙa ɗaya kan fito da 'ya'ya daban-daban daga wannan faifai zuwa wancan. Masu rubutacciyar waƙa kuwa sukan saka sunansu da ramzin shekara a baitocin ƙarshe. Mawaƙin zamani ya rasa duka biyun. Kwamfuta ke masa kiɗa, 'yar amshi kuma ranar ɗauka ake kiranta, ta rera nata ta kama gabanta.

Yawancin mawaƙan yau wayarsu ce kundinsu, kuma a wajen kama karin murya babu kamarta. A 1965 Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya farka cikin dare ya naɗi karin da ya zama waƙar Satisfaction a kaset, ya koma barci, da safe sai da ya saurara ya san abin da ya yi. Illar waya ita ce muryoyi kan taru ba suna ba bayani, ranar da aka sace ta ko memori ya lalace kuma shi ke nan. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa biyun: a naɗi kari a waya, a rubuta sunan naɗin da kwanan watansa a littafi, sannan a ƙara layi ɗaya kan abin da ake nufi da shi.

Babban amfanin kundi yana cikin abin da aka soke. Mawaƙi ya ja layi ɗaya siriri a kan ɗangon da bai yi masa ba, yadda zai karantu, ya rubuta a gefe, misali "amsa-amo ya karye" ko "kalmar ta yi wa kiɗa tsawo". Bayan wata shida, idan ya waiwaya, zai ga kuskuren da yake ta maimaitawa, sau da yawa ma ya tarar da baitin da ya ƙi wata waƙa ya dace da sabuwa. Leonard Cohen na Kanada ya shafe shekaru yana cika littattafai da baitocin waƙarsa Hallelujah kafin ya zaɓi kaɗan ya fitar a 1984. Takardun Bob Dylan, har da ƙananan littattafansa na aljihu, suna cibiyar da aka buɗe da sunansa a Tulsa ta Amurka a 2022, inda masu nazari ke bin yadda baiti ya sauya daga shafi zuwa shafi.

Sai maganar haƙƙin mallaka, wadda mawaƙa ba sa tunawa da ita sai rigima ta tashi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shardanta cewa sai an adana waƙa a rubuce ko a naɗe kafin ta samu kariya. Ed Sheeran, wanda ya ci shari'ar zargin satar kari a Landan a 2022, ya bayyana cewa yanzu bidiyo yake ɗaukar zaman ƙirƙirar waƙoƙinsa. Sai dai kwanan watan da mutum ya rubuta da hannunsa ana iya musanta shi. Don haka ya kamata mawaƙi ya riƙa ɗaukar hoton shafukan yana tura wa kansa ta imel, waƙar da ya kammala kuma ya yi mata rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.