A Shigo da Zurma Cikin Aji

Duk wanda ya bi ta Kakuri ko Makera ko Nasarawa, a kudancin kogin Kaduna, zai ga zurma ta tsiro a kangwaye da bakin magudanun ruwa. Yara na tsinkar 'ya'yanta masu zane suna wasa da su. Ɗaliban waɗannan unguwanni kuwa suna haddace cewa ribosom shi ne maƙerar furotin a cikin ƙwayar halitta, ba tare da an taɓa nuna masu alaƙar darasin da wannan tsiro ba. A ganina wannan giɓi ne babba a koyarwarmu.

A cikin ƙwayar zurma akwai dafi mai suna risin, wanda Hermann Stillmark ya raɗa wa suna a 1888. A 1987 masanin Japan Yaeta Endo da abokan aikinsa suka gano yadda yake ɓarna. Yakan kutsa cikin ƙwayar halitta, ya cire sinadarin adenin guda ɗaya tak daga jikin ribosom, nan take ƙirar furotin ta tsaya. Ɗigon dafin guda yana iya kashe ribosom fiye da 1,000 cikin minti ɗaya. Da shi aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978, kuma har yau ba shi da makari.

Idon zakara ma yana ɗauke da irin wannan dafi, abirin. Haka nan ƙwayar bakteriyar da ke haddasa atuni mai tsanani, wadda Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, tana fitar da dafin da ke cire wannan adenin ɗin dai. Ita ta hannu marar tsabta da gurɓataccen ruwa take shiga.

Wasu za su ce a tumɓuke zurma a huta. Ban yarda ba. Man zurma da aka tace da zafi ba shi da risin, domin dafin yana zama a tunkuza, kuma masana'antu na buƙatar man. Haɗarin yana ga tauna ƙwayar.

Saboda haka, ya ku malamai, ku kawo reshen zurma aji ranar darasin ribosom. Ku kuma ɗalibai, ku gargaɗi ƙannenku, ku riƙa wanke hannu da sabulu. Yaron da ya tauna ƙwayar a garzaya da shi asibiti, kada a jira amai da gudawa su fara. Rigakafi ya fi magani, balle inda maganin babu.