Kwalkwalin da na haɗa a hostel, da masu cewa na zare

'Yan uwana ɗaliban Arewa, musamman mu da karatu ya kawo Kudu.

Tun ranar Juma'a da hotona ya fara yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, wayata ba ta huta ba. Ga wanda bai gani ba, ni ne dai wannan da ya fito ranar kostum ta tsangayarmu sanye da kwalkwali mai rufe fuska da sulke tun daga kafaɗa har ƙwauri, kamar sojan da ya sauko daga wata duniya. Wasu sun yaba, na gode. Wasu sun ce na zare. Wani yayanmu da nake ganin girmansa ya ja ni gefe bayan la'asar ya ce, "Malam, karatu iyayenka suka turo ka Legas ko wasan yara?" Ban ba shi amsa a wurin ba, don ba a yi mini tarbiyyar musu da na gaba ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Dogo ne, ku yi haƙuri.

Bari in fara da yadda aka yi abin, don da yawa sun ɗauka saya na yi.

Babu ƙarfe ko ɗaya a jikin kayan nan. Soso ne mai tauri da ake kira EVA, irin wanda ake yin silifas da shimfiɗar ɗakin motsa jiki da shi. A Mushin na saye shi, wajen masu sayar da fata da kayan haɗa takalma: mai kaurin milimita 10 don ƙirji da kafaɗa da kwalkwali, mai milimita 2 don ƙananan ado. Kuɗin abincina na kusan sati biyu ne suka tafi a nan, garin kwaki ya rufa asiri.

Kwalkwalin ne ya fi ba ni wuya. Sai da na sa abokin ɗakina ya naɗe mini kai da leda, ya bar mini wurin numfashi, ya bi da salatif, ya ja layuka da maka, sannan muka cire muka yanka bisa layukan. Abin da ya fito shi ne fasalin kaina a shimfiɗe, kamar yadda tela yake fitar da fasali a takarda kafin ya taɓa yadi. Na ƙara masa faɗi kaɗan saboda kaurin soson, na kwafa a kwali, na gwada, sannan na yanka soson. Na farkon da na yi bai shiga kaina ba, ya tsaya a kunne. Na biyu ya shiga amma ya karkace kamar hular da aka zauna a kai. Sai a na uku aka dace.

Wanda ya koya mini sirrin gam kuwa ba lakcara ba ne. Wani baba ne ɗan ƙasarmu mai gyaran takalmi a bakin get. Ya ga ina ta fama, ina shafawa ina mannawa yana ɓallewa, ya yi dariya ya ce, "Yaro, gaggawa ce ke damunka. Shafa wa kowane gefe, ka bar shi ya sha iska har sai ka taɓa bai bi yatsanka ba, sannan ka haɗa. In ka haɗa kuma ka haɗa kenan, babu gyara." Wallahi da wannan maganar aka gina kayan nan gaba ɗaya. Gargaɗi ga mai son gwadawa: gam ɗin nan ɗan uwan sholisho ne. Warinsa yana hawa kai, kuma wuta na kama shi nan take. Ranar farko a ɗaki na buɗe shi, har wani maƙwabcinmu ya fara yi mini kallon wanda ya shiga shaye-shaye. Daga ranar na koma bayan hostel inda iska ke kaɗawa.

Don a lanƙwasa soson sai an ɗumama shi. Masu hali suna da na'urar hura zafi, ni risho na lantarki na samu, ina riƙe soson nesa da shi har ya yi laushi, in ɗora a gwiwata in danna har ya huce ya riƙe siffar. In an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Bayan nan na shafa farin gam na kafinta sau uku, kowane sai ya bushe, saboda in ka fesa fenti kai tsaye soson shanye shi yake yi. Gilashin ido kuwa ragowar robar kare fuska ce ta lokacin korona, na manna mata baƙar ledar gilashin mota. Maɗauran daga tsohuwar jakar makaranta na ciro. Na sa ƙaramar fankar kwamfuta a ciki da fawa bank, don in babu iska, cikin minti biyu numfashinka zai rufe gilashin, ga zafin Legas. Sati bakwai na yi ina wannan aikin.

To, yanzu ga maganata.

Shekarata uku ina karanta injiniyanci. A aji an koya mana yadda ake shimfiɗa jikin abu mai lanƙwasa a kan takarda, na haddace, na ci jarrabawa, na manta. Sai da na zo shimfiɗa fasalin kaina a kwali na gane dalilin da ya sa dole a yi masa tsage-tsage. Ɓare lemo ka gwada shimfiɗa ɓawonsa a tebur ba tare da ya yage ba, ba zai yiwu ba. Masanin lissafin nan na Jamus, Gauss, ya tabbatar da dalilin tun 1827, kuma shi ne ya sa duk taswirar duniya da ke bango sai ta yi wa girma ko siffar wasu ƙasashe ƙarya. Abin da allo bai shigar mini ba a shekara uku, soson silifas ya shigar mini a dare ɗaya. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu nawa ne za mu gama digiri ba mu taɓa haɗa komai da hannunmu ba? Mu nawa ne in lokacin furojet ya zo za mu je mu biya wani ya haɗa mana? Wannan ya fi zama abin kunya a kan soso da fenti.

Abin mamaki, muna yara ba haka muke ba. Wa bai yi motar kara ko ta gwangwani ba? Wa bai yanka tsohon silifas ya yi taya ba? Sai da muka girma aka koya mana cewa mai ilimi ba ya ɓata hannunsa. Amma a 2007 wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, labarinsa ya zaga duniya. Jelani Aliyu da muke alfahari da shi kan zanen motar Chevrolet Volt, sana'arsa ita ce fitar da siffar abin da bai wanzu ba tukuna. A kamfanonin mota har gobe da yumɓu ake fara sassaƙa siffar sabuwar mota kafin a taɓa ƙarfe. Wanda ya leƙa ta taga zai ce manya ne ke wasan ƙasa.

Sai masu cewa kwaikwayon Turawa ne. A nan ne na fi son mu tsaya.

Gaskiya ne daga fim sha'awar ta fara. Na kalli The Mandalorian da ya fito a 2019, kwalkwalin nan mai tsagar ido ya burge ni. Amma ku san cewa su ma masu fim ɗin aro suka yi. Kwalkwalin Darth Vader na Star Wars na 1977 an ɗauko siffarsa ne daga na mayaƙan samurai na Japan da na sojan Jamus. Duniyar hamadar da ke fim ɗin a Tunisiya aka ɗauke ta, har sunanta daga garin Tatawin na can aka samo. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin Black Panther na 2018, ta ɗebo daga shigar Buzaye da Masai da Ndebele da bargon mutanen Lesotho, ta ci kyautar Oscar a 2019 da su. Wato kayan nahiyarmu ake ɗauka a gyara, a sayar mana, mu biya data mu kalla muna tafi.

Mu kuma da muke da sulke tun kafin a san za a yi wani abu wai shi fim? Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke don yaƙi. Shekara sama da 600 kenan. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ya ga 'yan lifida da 'yan sulke, mutum da dokinsa a lulluɓe, kwalkwali na sheƙi, gashin jimina na kaɗawa. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Su waye suke yin waɗannan kayan? Maƙera da dukawa da maɗinka, iyayenmu da kakanninmu.

Shi ya sa da na zo rabin aiki na canza shawara. Na bar tsagar idon, amma na ɗaga saman kwalkwalin ya yi tsini irin na 'yan lifida. Na kai wa wani tela a Agege yadi da auduga ya ɗinka mini riga mai layi-layi irin lifidi na sa a ƙarƙashin sulken. Na yanka dagin Arewa na manna a ƙirji, na zagaya wuya da baƙin yadi kamar amawali. Tambayar da na yi wa kaina ita ce: in a ce barden Sarkin Kano zai hau jirgi zuwa duniyar Mars nan da shekara 300, yaya zai yi shiga? Ranar da na fito, ɗalibai Yarabawa da Ibo sun kewaye ni suna tambayar wane fim ne wannan. Na ce ba a yi shi ba tukuna. Na tsaya kusan awa ɗaya ina bayanin lifidi ga mutanen da ba su san komai game da garinmu ba sai abin da suke gani a labarai. Kun san kuwa irin abin da ake nunawa.

Mu a makarantun nan an riga an yanka mana gurbi. Ranar al'ada a kira mu, mu sa babbar riga da rawani, a yi mana hoto, shi kenan sai baɗi. Ba na raina wannan, ni ma ina sawa kuma ina jin daɗi. Amma in ana maganar gobe, ana maganar ƙirƙira da fasaha, ba a waiwayo mu, mu ma ba ma miƙa hannu. Tun 2012 ake yin Lagos Comic Con a garin nan, matasa na zuwa da zane-zanensu da kayan da suka haɗa. Mu nawa muka taɓa leƙawa?

Ba zan rufe ba sai na ba yayanmu gaskiyarsa, don yana da ita ta wasu fuskoki.

Na farko, karatu. Satin ƙarshe na yi sakaci, na bar fenti har kwana biyu kafin ranar, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Na kwana biyu ban yi barci ba, na shiga wani gwaji ban karanta ba, makin da na samu ba na nunawa ba ne. Wannan laifina ne. Mai son yi ya fara tun farkon samista ko lokacin hutu.

Na biyu, addini. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Abin da na yi shi ne na guje wa shigar duk wani ɗan fim da ake kira abin bauta, ban sassaƙa fuskar wata halitta ba, jikina a rufe yake, kuma da aka kira sallah na cire na je na yi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya sayi soso.

Na uku shi ne mafi nauyi. Da safen ranar, masu gadi sun tsayar da ni da jakar Ghana-must-go. Suka buɗe suka ga kwalkwali da sulke, suka duba katina suka ga sunana. Na ga yadda fuskar ɗayansu ta canza. Sai da na lanƙwasa kafaɗar sulken a gabansu suka ga soso ne, wani ɗan ajinmu ya zo ya yi bayani, sannan aka bar ni. Abokan karatuna biyu sun wuce da nasu kayan babu wanda ya ce musu uffan. Abin ya yi mini ciwo, amma haka ƙasar take a yanzu. Don haka ina roƙonku: kada ku haɗa bindigar wasa ko wani abu mai kama da makami, komai kyansa. Kada ku sa kwalkwali a hanya ko da dare, sai a cikin wurin taro. Ku riƙe katinku, ku sanar da masu shirya taron tun da wuri. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Duk da haka ban yi nadama ba, kuma in Allah ya kai mu baɗi zan sake. Wannan karon sulken zobe nake son gwadawa, na waya, a naɗe ta a jikin sanda a yanka zobe-zobe a sarƙa su ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ina neman mai iya zane, mai iya ɗinki, da mai iya haɗa ƙananan fitilu. 'Yan uwa mata, ku ma da ku: tarihin Zazzau bai manta da Sarauniya Amina ba, kuma shigar barde ta fi kowace shiga rufe jiki. Fasalin kwalkwalin na kwali yana nan a ƙarƙashin gadona, duk mai so ya zo ya kwafa, kyauta.

Yayana, in ka karanta wannan, ka yafe mini tsawon amsar. Har yanzu girmanka na nan. Ka zo ɗakinmu ka gwada kwalkwalin, ina jin zai shige ka.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mai da mu gida lafiya.