ZAUREN 'YAN MATA: HATTARA DA SAURAYIN CIKIN WAYA

  

Yau mun ɗan ajiye kwalliya da girki a gefe, domin maganar da na zo da ita ta fi su nauyi. Magana ce a kan wannan 'yar wayar da ke hannunki, wadda kike kwana da ita kike tashi da ita, da kuma mutanen da suke shigo miki ta cikinta ba tare da sun yi sallama da kowa ba.

A zamaninmu in saurayi yana son yarinya ƙofar gidansu zai zo, ya tsaya ya aiki yaro ya ce, "Shiga ka ce wai ana sallama da wance." Kafin ta fito Baba ya gan shi, yayyenta sun ƙare masa kallo, maƙwabta ma sun shaida fuskarsa. In magana ta yi nisa sai manya su tura a binciko asalinsa da sana'arsa da halinsa. To tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma su Facebook da WhatsApp da Instagram da TikTok suka biyo, sai ga saurayi har ƙuryar ɗaki cikin tsakar dare, babu wanda ya san daga inda ya ɓullo. Wannan ƙofar ce 'yan damfara suka samu a buɗe suka afko.

Kun sha jin ana cewa wane ɗan 419 ne. Sunan ya samo asali ne daga sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka ta Nijeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Da can da wasiƙa suke yi, yanzu kuwa sun koma intanet, kuma babban jarinsu shi ne daɗin baki.

Ga yadda abin yake farawa. Wata rana sai ki ga saƙo daga wani kyakkyawa, ya sha farar shadda da hula, ya jingina da mota. Zai ce shi injiniya ne a Dubai, ko likita a Ingila, ko soja ne da aka tura aiki ƙasar waje. Ba zai fara da maganar banza ba, a'a, da sallama zai fara, ya tambayi lafiyar su Mama, ya tashe ki sallar asuba, ya ce shi ba da wasa ya zo ba, matar aure yake nema mai tarbiyya. Kwana uku kacal kin zama "hasken idanuna", sati guda an fara lissafin akwatunan lefe. Ke kuma zuciya ta narke, kina ta murmushi ke kaɗai, abinci ma ya daina shiga.

Amma ki lura da abu uku. Na farko, ba ya yarda ki gan shi ido da ido, kullum ga uzuri, yau aiki ya riƙe shi, gobe an soke jirgi. Na biyu, zai ce ki ɓoye maganar, wai kada mahassada su shiga tsakani. Na uku, komai daɗewa sai zancen kuɗi ya shigo. Ko ya ce ya aiko miki da kaya, sarƙar gwal da waya da atamfofi, sai wani ya kira ki ya ce shi ma'aikacin kwastan ne a filin jirgi, kayanki sun iso amma sai kin biya kuɗin fito Naira dubu 40. In kin biya, gobe a ce saura kuɗin wata takarda, jibi a ce an ga Dala a cikin akwatin, in ba ki biya tara ba za a kama ki. Ko kuwa shi da kansa ya kira cikin kuka ya ce mahaifiyarsa tana asibiti, an rufe masa asusu, ki taimaka masa zuwa Juma'a. Haba 'yar uwa! Mutumin da ya ce zai kai ki Umara shi ne zai rasa dubu 20 sai a wajen 'yar aji biyar? Da haka yarinya za ta sayar da 'yan kunnenta, ta taɓa kuɗin adashen uwarta, ta cinye kuɗin jarrabawa, ranar da ta ce babu kuma sai ta nemi lambar ta rasa.

Kada ku ɗauka wani zaunannen yaro ne kawai yake wasa da hankalinku. Sana'a ce da ake zaman ofis a kanta. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani dogon bene a unguwar Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792 a lokaci guda, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40. An ba matasa kwamfuta da waya, an koya musu yadda za su ƙulla soyayyar ƙarya da mutane sannan su ja su zuba kuɗi a kasuwancin bogi. Akasarin waɗanda suke farauta mutanen Turai ne da Amurka, amma dabarar ita ce dai ake yi mana a nan da Hausa. Wato kalaman da suka hana ki barci, wataƙila a daren nan an tura wa mata ashirin irinsu, suna kawai ake canzawa.

Wata za ta ce, "Anti ai ni mun yi kiran bidiyo, na ji muryarsa." To ki sani yanzu akwai manhajojin da suke kwaikwayon murya da fuskar mutum, hoto kuwa ɗauko na wani bawan Allah a shafinsa ba wuya ba ne. Gwaji ɗaya ne ba ya ƙarya, ki ce masa ya turo magabatansa su zo su gai da Baba. Mai gaskiya zai yi murna, maƙaryaci kuwa zai fara kame-kame, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu bari in zo kan wadda ta fi ɗaga mini hankali, wato maganar hoto. Asarar kuɗi ana mayarwa, amma wannan mutunci take taɓawa. Bayan ya ga kin saki jiki sai ya ce, "Turo mini hotonki ba mayafi, ai ni ne mijinki." Daga nan a ce a rage wannan, a cire wancan, "wallahi ina gani zan goge." In kin ƙi ya yi fushi, ya ce ashe ba kya son sa. Ranar da hoton ya shiga hannunsa, ranar masoyi zai rikiɗe ya zama dodo, ya ce ko ki turo kuɗi, ko ki zo inda yake, ko ya watsa wa 'yan ajinku da danginku. Ba baƙo kaɗai ke yin wannan ba, har saurayin da kika sani yana iya yi ranar da kuka ɓata. Ki riƙe wannan, duk abin da ya fita daga wayarki ya bar hannunki har abada. Ko da kin tura shi a matsayin mai gogewa bayan an buɗe, ai da wata wayar ake ɗaukar hotonsa.

Abin ya yi yawan da a watan Yuli na 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ba da sanarwar rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan barazana da hotuna. A watan Satumba na shekarar kuma wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan uwan juna biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan barazanarsu ta yi sanadin rasuwar wani ɗan makaranta mai shekara 17. Yaron nan tsoro da kunya ne suka rufe shi, ya ga kamar ba shi da mafita, alhali akwai.

Saboda haka in har wannan ta riga ta same ki, ki saurare ni da kyau. Kada ki biya ko sisi, domin wanda ya karɓa yau gobe ma zai dawo. Kada ki je inda ya kira ki. Ki adana saƙonninsa da lambarsa da lambar asusun da ya turo, su ne shaidarki, sannan ki toshe shi, ki kai ƙarar shafinsa. Mafi muhimmanci, ki faɗa wa babba a ranar, Mama ko Yaya ko gwaggo ko malamar da kika yarda da ita. Faɗan uwa na kwana biyu ne, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta irin wannan barazana, mai laifi shi ne, ba ke ba. Akwai kuma wani shafi mai suna Take It Down da aka yi domin 'yan ƙasa da shekara 18, yana taimakawa wajen hana yaɗuwar irin waɗannan hotuna a manyan shafuka. Ku kuma iyaye da nake da labarin kuna leƙa wannan fili, don Allah in 'yarku ta zo da irin wannan kuka ku fara rungumarta, faɗa ya biyo baya.

Sai maganar lambobi. Za a kira ki da murya mai ladabi a ce daga banki ne, za a rufe asusunki in ba ki karanto lambar da aka turo miki yanzu ba. Ƙarya ne. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katin ATM, ko lambobi ukun da ke bayan katin, ko lambar da ake turowa ta saƙo lokacin fitar da kuɗi. Lambar BVN da ta NIN, masu lamba 11 kowacce, su ma ba na rabawa ba ne a waya. Haka nan wani zai kira ya ce za a yi taron tsofaffin ɗalibai ko na Islamiyya ta intanet, ki karanto masa lamba 6 da ta shigo wayarki. Kina karantowa ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya bi ƙawayenki da 'yan uwanki yana roƙon kuɗi da sunanki. Maganin wannan, ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambar da ke kaɗai kika sani, kuma kada ta zama shekarar haihuwarki. In ƙawa ta turo saƙon neman rance, ki kira ta ki ji daga bakinta tukuna.

Wani tarkon kuma da 'yan mata ba su cika ganewa ba, saurayi ya ce, "Ara mini asusunki za a turo mini kuɗi, ki cire ki ba ni, ki riƙe dubu biyar ki sha lemo." In kuɗin na sata ne, sunanki ne a jikin asusun, ƙofar gidanku jami'ai za su fara ƙwanƙwasawa, shi kuwa gogan ya yi layar zana.

'Yan makaranta, ku naku tarkon daban ne. Wani zai ce shi ma'aikacin JAMB ne zai ƙara miki maki, wani ya ce yana da amsoshin WAEC ko NECO, wani ya turo sanarwar tallafin karatu ko aikin gwamnati ya ce a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum. JAMB ba ta sayar da maki, ta sha faɗa da bakinta. Duk sanarwar da kika gani, ki kai wa malaminku ya duba kafin ki latsa komai.

Na ƙarshe su ne masu ninka kuɗi. Manyanku za su tuna MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016 aka yi ta salati. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ina! A watan Afrilu na 2025 sai ga CBEX shi ma ya nutse da dukiyar mutane. Yadda abin yake, kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi a ce riba ce, shi ya sa kullum ake matsa miki ki kawo ƙawayenki. Ranar da masu shiga suka ragu, ranar asiri ke tonuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. 'Yan kuɗinki na kitso ko na ɗinkin hula, gara ki sayi 'yar akuya ki ɗaure, ko ki shiga adashen matan unguwa da kika san gidajensu.

In kuwa kuɗi sun riga sun fita, kada ki tsaya kuka. Ki garzaya banki nan take a toshe katin a shigar da ƙorafi, domin saurin kai rahoto shi ke sa wani lokaci a tare kuɗin kafin a kwashe. Daga nan a sanar da 'yan sanda ko EFCC. Kuma ki kula da wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato miki kuɗinki in kin ba shi wani abu, sau da yawa ɗan gidansu ne.

Ban ce ku jefar da waya ba, da ita ake karatu, da ita ake sana'a, da ita ake zumunci. Cewa na yi ki riƙe ta da hankali. Duk wanda ya zo miki da gaggawa, ya ce ki rufa asiri, ya kuma nemi kuɗi ko hoto ko lamba, to ki ja da baya ki nemi shawarar na gaba. Mai son ki tsakani da Allah ba ya tsoron zauren gidanku.

Ki karanta, ki miƙa wa ƙawarki ita ma ta karanta, in kunne ya ji jiki ya tsira. Ina jiran wasiƙunku kamar kullum, wadda ba ta so a buga sunanta ta faɗa, sirrinta yana nan a rufe. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa kowacce da miji nagari. Sai mun sadu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antin 'Yan Mata